Na Je Ƙasar Gezawa Neman Shiru

Janareton maƙwabcina ne ya kore ni daga birnin Kano na kwana uku. A jikin katangar da ta raba gidajenmu yake ajiye shi, daidai saitin tagar ɗakin da nake kwana. Ban taɓa kai masa ƙorafi ba, don nawa janareton ma yana saitin tagar wani bawan Allah. Haka muke zaune a unguwar, kowa na ɗura wa ɗan'uwansa ƙara, ga injin markaɗe a bakin layi, ga mai walda, ga 'yan A Daidaita Sahu da ba sa iya wuce mutum sai sun danna masa oda. Wani dare man maƙwabcin nan ya ƙare, wuta kuma babu, unguwa ta yi tsit na ɗan lokaci. Maimakon barci ya ɗauke ni, sai na ji kunnuwana suna wani kuka na kansu. A daren na fara tunanin ko akwai inda mutum zai gina ɗaki biyu da zaure, ya wuni ya kwana bai ji ƙarar inji ba.

Da na faɗa wa wani abokin aikina ɗan ƙasar Gezawa, dariya ya yi, ya ce in shirya ranar Juma'a mu je garinsu, gani ya kori ji.

Titin Haɗeja muka bi. Wanda ya daɗe bai bi hanyar nan ba zai yi ta jiran inda birni zai ƙare, ya gaji bai gani ba. Ka wuce kasuwar 'Yankaba da kwandunan tumatir da albasa, ka wuce Tokarawa, ka shiga Gunduwawa wadda ita ma ƙasar Gezawa ce, amma masana'antu da rumbunan ajiya da manyan motoci sun cika gefen titi. Sai wajen Jogana, inda layin dogon Kano zuwa Nguru ya ratsa tun 1930, ido ke fara samun sarari. Ko a nan ɗin ma, duk gonar da ke kallon kwalta za ka ga an kafa mata duwatsun fuloti, ko an kewaye ta da bulo layi uku an bari. A garin Gezawa muka sauka daga mota, muka hau babura biyu, muka saki kwalta muka shiga burtali. Tafiyar kusan minti 20 ta kai mu ƙauyen, tsakanin dangar kara da gonakin da aka riga aka girbe, don lokacin hunturu ne.

Abin da ɗan birni ke fara karo da shi shi ne babu daji. A zuciyarsa ƙauye gidaje ne 'yan kaɗan, bayansu kuma fili har inda ido ya tsaya. Ƙasar Gezawa ba haka take ba. Ka tsaya a kowace gona ka juya, sai ka hango rufin gida ko rumbu ko hasumiyar masallaci a gabas da yamma. Ƙidayar 2006 ta ba ƙaramar hukumar mutum 282,069 a ƙasar da faɗinta murabba'in kilomita 340 ne, wato sama da mutum 800 a kowane murabba'in kilomita, kuma yaran da aka ƙirga a goye wancan lokacin yau wasunsu magidanta ne. Daga nan har Minjibir da Gabasawa da Warawa, gona ce ke bin gona, ƙauye na kallon ƙauye.

Cikar nan ba ta yau ba ce. Hanyar da muka biyo tsohuwar hanyar fatake ce mai zuwa Gumel da Barno, ita Heinrich Barth, Bajamushen da aka sani da Abdulkarim, ya bi a watan Maris na 1851 da ya bar Kano zai tafi Kukawa. Bayan shekara ɗari da 'yan kai, Michael Mortimore, Baturen Ingila da ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da Jami'ar Bayero, ya shafe shekaru yana nazarin ƙauyukan da ke kewaye da Kano, yana mamakin yadda ƙasa mai yashi da ake nomawa kowace damina ba hutu take ci gaba da ciyar da jama'a masu yawa haka. Ɗaya daga cikin ƙauyukan da shi da abokan aikinsa suka zauna a ciki a shekarun 1990 shi ne Tumbau, a nan ƙasar Gezawa. Abin da suka rubuta, kowane manomi a nan zai faɗa maka shi a tsaye: ana shuka wake da gyaɗa a tsakanin gero da dawa, a ba tumaki da awaki harawa, a kwashe takinsu a mayar gona, jakuna su kai itace birni su dawo da mangalar shara. Har ƙurar hunturun da muke toshe wa hanci an lissafa ta cikin abin da ke ƙara wa gonar ƙarfi. Itatuwan da suka sa wurin ya yi kyaun gani, gawo da ɗorawa da tsamiya da kuka da kanya, kowace tana da mai ita. Gawon nan da ke zubar da ganye da damina ya yi kore da rani, an bar shi a tsakiyar gona ne don an san amfaninsa. Ni da na zo gudun mutane, sai na tarar duk inuwar da nake sha'awa hannun mutum ne ya raine ta.

Akwai wani Ba'amurke mai ɗaukar sautin tsuntsaye da ruwa da iska, Gordon Hempton, wanda a 2005 ya ajiye ɗan jan dutse a dajin Hoh na jihar Washington, ya ce yana so a kare wannan ɗan gurbi daga ƙarar ɗan'adam. Ma'auninsa mai sauƙi ne: wurin da za ka yi minti 15 a jere ba ka ji komai na mutum ba. Washegari da hantsi na ɗauki tabarma da agogo na nufi gindin wata tsamiya a bayan gari, na ce bari in gwada ma'aunin Bature a ƙasar Hausa.

Minti uku na farko kurciya ce kaɗai ke magana, sai busasshen karmami da iska ke ja. Sannan babur ya taso daga wani burtali da ban ma san da shi ba. Na sake ƙirga daga farko. Minti biyar, jaki ya yi kuka, wannan na yafe masa, amma yaron da ke korarsa yana riƙe da waya tana waƙa. Na sake. Minti bakwai, sai jirgin sama ya ratsa can sama yana neman filin Malam Aminu Kano. Daga baya injin niƙa ya tashi a ƙauyen da ke gabas da mu, tut-tut-tut, ya ƙi tsayawa har aka kira azahar. Mafi tsawon da na samu ranar minti tara ne, tsakanin azahar da la'asar, lokacin da kowa ya nemi inuwa.

Amma tun kafin in naɗe tabarmar na fara jin ma'aunin bai dace da nan ba. A wurin Hempton duk abin da ya fito daga mutum abu ɗaya ne, mu kuwa a harshenmu mun raba su. Akwai ƙara, akwai hayaniya, akwai amo, akwai sauti. Ba wanda zai ce luguden taɓarya ƙara ne. Da sassafe a ƙauyen na ji turame uku suna amsa wa juna daga gidaje daban-daban, na ji guga na bugun bakin rijiya, na ji maƙeri na gyaran fartanya tun damina ba ta zo ba, na ji 'yar talla tana kiran ƙosai. Kowane ɗaya na san daga inda ya fito, na san dalilinsa, na kuma san zai ƙare. Abin da ke cin ran mutum a birni ƙarar da ba ta da fuska ce, ba ka san mai ita ba balle ka roƙe shi, ba ta san dare ba, ba ta san rana ba. A nan kuwa ko injin niƙan da ya dame ni, mai masaukina ya san sunan mai shi da na ubansa, ya san kuma ba ya tayar da shi bayan magariba.

Na yi kuskuren yabon sautin daka a gaban mahaifiyar abokina, lokacin da na shiga gaishe ta. Na ce, “Inna, wallahi ku ke jin daɗi, da za a ɗauke injin nan ma da gari ya fi daɗin zama.”

Ta dube ni ta ce, “Kai ɗan nan, ka taɓa riƙe taɓarya?”

Na ce ban taɓa ba.

Ta miƙo tafukan hannunta ta nuna mini kanta, ta ce shekara nawa ta yi tana tashi tun kafin assalatu tana surfe da daka na gida mai mutum goma sha. Ranar da aka kawo injin niƙa ƙauyen, in ji ta, har guɗa aka yi. Babur ɗin da nake tsaki a kansa kuwa, shi ya kai jikarta asibitin Gezawa cikin dare tana naƙuda. A zamaninsu amalanke ne ko jaki, ko a zauna a jira ikon Allah. Ban sami abin cewa ba, na sha furar da aka dama mini na fito. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma shirun da baƙo ke yaba wa sau da yawa gumin wata mata ne.

Babura sun yi yawa a ƙauyukan nan fiye da yadda na zata. Tun da aka hana acaɓa a cikin birnin Kano a watan Janairun 2013, sana'ar ta ƙara karkata zuwa ƙananan hukumomin waje, ga shi kuma babu saurayin da zai yarda a ce ba shi da nasa. Sauran masu ƙara sanannu ne: mai cajin waya da ɗan janaretonsa, gidan kallon ƙwallo a daren da ake buga wasan Ingila ko Sifen, lasifikar biki da ta wa'azi, da masu noman rani a wajen dam ɗin Wasai da ke tare ruwan Jakara, inda injin ban-ruwa ke wuni yana aiki. Wanda ya fi ba ni haushi shi ne dogon ƙarfen kamfanin waya da ke bakin wani ƙauye, janaretonsa ba ya hutawa dare da rana. Sai dai da shi nake kiran gida.

Wani abin da ban zata ba, mutanen garin sun ce ƙarar ta ragu a 'yan shekarun nan, kuma ba doka ce ta rage ta ba. Dokar taƙaita ƙara tana nan a takarda tun 2009 a hannun hukumar kula da muhalli ta NESREA, ba na jin akwai wanda ya taɓa jin labarinta a ƙauyen. Tsadar mai ce ta yi aikin. Tun da aka cire tallafin fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, mai cajin waya ya koma sola, masallatai da dama sun sa faranti a rufi, wasu masu lambu ma sun fara jawo ruwa da hasken rana. Saurayin da a da zai yi ta zagaye gari yana murza totur don a gan shi, yanzu sai ya lissafa kafin ya tayar.

Da yamma abokina ya kai ni gaida mai unguwa, don ba a maganar fili a ƙauye ba da saninsa ba. Bayan gaisuwa na ce, “Ranka ya daɗe, ɗan wuri nake nema a bayan gari, nesa da kowa, inda ba zan riƙa jin motsin jama'a ba.”

Zauren ya yi shiru, irin shirun da ban zo nema ba. Mai unguwa ya gyara zama ya ce, “Malam, lafiya dai ko?”

Sai da abokina ya yi dogon bayani, ya ambaci aikina da iyalina da unguwarmu, sannan fuskoki suka saki. Wani dattijo ya ce a iya saninsa mutum uku ne ke zama shi kaɗai a bayan gari: mai taɓin hankali, da mai ɓoye wani abu, da wanda jama'a suka kora. Aka yi dariya, ni ma na yi, amma maganar ta zauna mini. A wurinmu shiru ba abin yabo ba ne. In ka kwana biyu ba a ji ɗuriyarka ba, cewa za a yi, “Mun ji ka shiru, ko lafiya?” Gidan da ya yi tsit da rana ana leƙawa a ga ko wani abu ya faru. Sannan duk wanda ke sauraron rediyo ya san inda ainihin dajin da ba kowa yake a Arewa a yau, irin su Rugu a Katsina, ya kuma san su wa suka mayar da shi mafaka. Tarin jama'ar da ya hana Gezawa yin tsit yana cikin abin da ke sa a yi barci da ido biyu a rufe.

Maganar filin kanta ba ta da daɗi ga mai nema. Kusan kowace gona ta gado ce, an raba ta an sake rabawa har wata ba ta fi a ƙirga kunyoyinta ba. Aro da haya da jingina sun fi sayarwa yawa, wanda kuma ya sayar, galibi wata lalura ce ta matsa masa, aure ko jinya ko kujerar Makka. A bakin kwalta dillalai sun riga sun gama da wurin. Can ciki kuwa sai ka bi ta hannun mai unguwa da dagaci, ka tabbatar duk magada sun yarda, har matan da ke aure a wani gari, in ba haka ba wata rana sammaci zai same ka. Ko ka saya ka gina, babu abin da zai hana maƙwabcin gonarka ya sayar wa mai gidan kaji ko mai buga bulo baɗi.

A zauren nan ne wani malamin allo ya tuna mini cewa neman shiru ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa, suna ne kawai ya bambanta. Gardawa masu haddar Alƙur'ani sun daɗe suna fita ƙiskali, su kafa 'yan bukkokin kara a bayan gari, su wuni da allunansu nesa da surutu. Masu ibada kuma suna shiga halwa. Sai ya ƙara da cewa mai ƙiskali yana dawowa gari ya ci tuwo ya yi sallah cikin jam'i, halwa kuma kwanaki ake ƙirga mata. Ba wanda ya taɓa mayar da su gidan zama. Kuma ko a ƙiskalin, da ƙarfi ake karatu.

Daren ƙarshe na fito tsakar gida wajen ƙarfe biyu, na lulluɓa da bargo. Hazo ya rufe taurari. Gyare ma sanyi ya sa ya yi shiru. Can nesa kare ya yi haushi, wani ya amsa masa daga wani ƙauyen, mujiya ta yi kuka sau biyu a kan kukar da ke bayan masallaci. A ƙarƙashin duk wannan akwai wani gurnani siriri da ke tashi yana faɗuwa, sai da na kasa kunne sosai na gane manyan motoci ne a kan titin Haɗeja, wanda da rana ko alamarsa ba a ji. Dalilin sananne ne: da daren sanyi iskar da ke dab da ƙasa ta fi ta sama sanyi, sai sauti ya riƙa lanƙwasowa ƙasa maimakon ya watse sama, ya yi tafiya mai nisa. Shi ya sa duk mai son sayen fili don shiru bai kamata ya yanke shawara da tsakar rana ba. Ya kwana a wurin, ya kwana ranar kasuwa, ya dawo da damina lokacin da iska ke tasowa daga wajen birni kwaɗi kuma suka cika kududdufi, ya dawo da kaka lokacin da injin sussuka ke bin gonaki, bukukuwa kuma suka kankama. Wuri ɗaya ne, amma kunne zai ce huɗu ne.

Tsakanin wucewar wata mota da zuwan wata, na sami abin da na zo nema. Ban duba agogo ba. Ina jin numfashin tumaki a turke, ina jin kara na ɗan ƙas-ƙas a jikin danga, kukan nan na cikin kunnuwana kuma ya tafi ban san lokacin ba. Ina nan zaune har ladan ya yi kiran farko. Batirin solar masallacin ya mutu saboda hazon kwana biyu, don haka da muryarsa ya kira, muryar tsoho mai ɗan rawa, kuma ta isa ko'ina a ƙauyen. Kafin ya gama, lasifikokin ƙauyuka uku sun ɗauka.

Da safe, ina ɗaure jaka a bayan babur, sai ga dattijon nan mai maganar mutum uku ya zo da sandarsa. Ya ce ya kwana yana tunanin maganata, akwai wata 'yar gona ta ƙaninsa a arewa da gari, kusa da wani gawo, in da gaske nake zai yi masa magana. Na yi godiya. Ya matso kusa ya rage murya.

“Amma Alhaji, in Allah ya sa ka gina, ka taimaka ka haƙa burtsatse mai inji, matan nan su huta da guga. Kuma ka zo da janareto babba, ba irin ƙananan nan ba, yaran gari su samu wurin kallon ƙwallo.”

Na ce masa, “To Baba, sai na yi shawara da gida.” Ɗan acaɓan ya buga kik sau uku kafin babur ɗin ya tashi, kurciyoyin da ke kan dangar suka watse.